Kwana 20 da cire min nono, har yau ban kalli wurin ba

Assalamu alaikum Anti. Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 39, 'ya'yana biyar, a Funtuwa nake aure. Yau kwana 20 ke nan da aka cire min nonon hagu saboda ciwon daji, aka kuma kwashe kaluluwar hammatata. An zare robar da ke zuƙe ruwa kwana goma da suka wuce, an ce ɗinkin ya yi kyau. Amma Anti, har yau ban kalli wurin ba. Ƙanwata ce ke goge min jiki, ni kuwa in runtse ido. Hannun ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa, cikin damtsen kamar ba jikina ba. Wani lokaci sai in ji kan nonon yana min ƙaiƙayi, alhali babu shi. Wannan ban faɗa wa kowa ba, kada a ce iska ce ta taɓa ni. Gefen ɗinkin ta wajen hammata ya ɗan tasa, in na juya ina jin ruwa yana motsi a ciki.

Gwaggona ce ta zo jinya. Ta ce ciwo ba ya warkewa sai da gashi, kullum tana so ta gasa min da tawul da ruwan zafi kamar mai jego. Ta hana ni ƙwai da gyaɗa da miyar yauƙi, ta ce kada in motsa hannun ko kaɗan. Maigidana ya yi hidima, har filinsa ya sayar, amma tun da na dawo bai zauna a ɗakina ba, daga bakin ƙofa yake min sannu. Ina da abokiyar zama, ba ta yi min komai ba, amma ko dariyarta na jiyo sai zuciyata ta ce da ni take.

An ce in koma ranar Talata a duba sakamakon naman da aka cire, a sa min ranar fara kemo, wato maganin ciwon dajin da ake sawa ta ƙarin ruwa. 'Yan'uwa sun ce tunda an cire ciwon me za a koma yi, wai kemo ce ta kashe wata maƙwabciyarmu. Kuɗi ma sun ƙare, ni kaina na gaji. Anti, in koma? Kuma anya zan sake zama mace kamar kowa?

Daga ƙanwarki a Funtuwa.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin mata na ɓangaren tiyata, kuma babu layi ɗaya a saƙonki da ban taɓa jin irinsa daga bakin wata mace a kan gado ba, har ƙaiƙayin nan da kike ɓoyewa. Duk zan zo kansu. Amma bari in fara da maganar Talata, don a nan rai yake.

Ki koma. Ko da kuɗi ko babu, ko jiki yana so ko ba ya so, ki koma. Abin da likita ya cire shi ne abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Ciwon daji kuwa yakan saki 'yan ƙananan ƙwayoyi su bi jini ko hanyoyin kaluluwa, su je su laɓe a ƙashi ko hanta ko huhu, ƙanana ainun har hoto ba ya kama su. Waɗannan ƙwayoyin ne kemo take bi. Waɗanda suka ce miki tunda an cire shi ke nan, da zuciya ɗaya suka faɗa, amma wannan kashe maciji ne ba a sare kai ba. Na ga mata da yawa da muka sallama suna murna, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu, an kawo su ranga-ranga da ciwon baya ko tarin da ba ya jin magani. A lokacin abin da asibiti zai iya yi ya ragu ƙwarai. Fuskokinsu nake gani duk sanda na ji an ce "ai an cire". Kuma abin yana da lokaci: likitoci sun fi son a fara kemo cikin mako 4 zuwa 6 bayan tiyata in ɗinki ya kama, jinkirin da ya haura wata 3 kuwa yana rage amfaninta. Ke yanzu kina mako na 3, kina kan daidai.

Maƙwabciyarku, Allah ya jiƙanta da rahama. Abin da na sha gani shi ne, yawancin matanmu ba sa isowa asibiti sai ciwon ya yi nisa, ya fashe ko ya riga ya bazu. Sai a fara kemo, ciwon ya ci gaba da cin ta, rai ya yi halinsa, unguwa ta ɗauka maganin ne. Ba zan rufe ki ba, kemo tana da wahala. Akwai tashin zuciya, akwai kasala, gashin kai yana zubewa, garkuwar jiki tana sauka, har ta kai in zazzaɓi ya kama ki a tsakiyarta ba a kwana da shi a gida. Amma wahala ce mai iyaka. Galibi ana ba da ita duk bayan mako 3, sau 6 ko 8. Akwai maganin amai, gashin kai kuma yana dawowa bayan an gama.

In kin je, kada ki tsaya a "to likita, na gode". Ki tafi da wanda zai rubuta, ki tambayi girman ƙullutun, da kaluluwa nawa aka cire, da nawa aka samu ciwon a ciki. Ki tambaya ko an yi gwajin nan mai alamomi uku, ER da PR da HER2. Su ne ke nuna irin abin da ciwon yake rayuwa da shi. In ER ta nuna akwai, ma'ana sinadarin mata na jikinki ne ke ciyar da shi, to za a ɗora ki a kan ƙwaya irin Tamoxifen, ɗaya a kullum, shekara 5 zuwa 10, kuma tana rage haɗarin dawowar ciwon sosai. In HER2 ce, da nata maganin daban. In ba a yi gwajin ba, ki nemi a yi, don shi ne ke hana a kashe kuɗi a kan maganin da ba naki ba.

Kumburin gefen ɗinkin da kike jin ruwa a ciki, bisa yadda kika siffanta shi, ruwan jiki ne da ya taru a gurbin da aka cire nama. Yana faruwa da mata da yawa bayan an zare roba. Ƙarami jiki yakan shanye shi da kansa cikin makonni, in ya yi yawa likita ya zuƙe da sirinji, kuma da ƙyar za ki ji allurar. Kada a matsa shi, kada a yi masa sakiya, kada a shafa masa komai. Ki nuna shi ranar Talata. Amma in kafin nan wurin ya yi ja ya ɗau zafi, ko ya cika tam cikin 'yan awanni, ko ya fara fitar da mugunya ko wari, ko ɗinkin ya buɗe, ko zafin jikinki ya kai 38, kada ki jira Talata. Haka in sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe miki farat ɗaya, wannan alamar gudan jini ce, a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne.

Sai maganar Gwaggo da gashi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don abin ya taɓa ƙona min rai. Akwai wata baiwar Allah da muka sallama ɗinkinta gwanin kyau. Bayan kwana tara aka dawo da ita. Da na ɗaga zanen, ƙirjin duk ya yi bororo, wani wurin fatar ta saɓule kamar an watsa mata tafasasshen mai. Yayarta tana gefe tana kuka, tana rantsuwa cewa duk sanda ta ɗora tawul sai ta tambaye ta, "da zafi?", ita kuma ta ce "a'a, ƙara". Kuma gaskiya ta faɗa, ba ta ji ba. A wajen tiyata ana yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga fata, shi ya sa ƙirji da hammata da cikin damtse suke zama kamar ba jikinki ba. Fatar da ba ta ji, ba za ta gaya miki tana ƙuna ba. Ga shi kuma fata ce da aka ɗaga aka mayar, jinin da ke isa gare ta bai gama komawa daidai ba. Ƙunar nan sai da ta ja wa matar jinkirin kemo kusan wata biyu. Don haka babu tawul mai zafi, babu gorar ruwan zafi, babu zama kusa da garwashi da ƙirji a buɗe. Ruwan wanka ma ki fara taɓa shi da hannun dama, ya zama mai ɗumi kawai.

Amma kada ki yi wa Gwaggo gardama irin ta 'yan boko. Ta bar gidanta ta zo ne saboda ke, abin da ta gada take ba ki, kuma hannun mai jinya ba ya son zama haka kawai. Ki ce mata, "Gwaggo, likita ya ce fatar ba ta ji, in aka gasa za ta ƙone ban sani ba." Ki tafi da ita ranar Talata ta ji da kunnenta. Sannan ki ba ta wani aikin: ita ce mai dama kunun gyaɗa, ita ce mai ƙirga miki motsa hannu. Wataƙila a can ta ji likita ya ambaci gashi, to wannan na na'ura ne, wani haske ne da ake saitawa a ƙirji da hammata na 'yan mintuna a kullum, mako 3 zuwa 5, don kashe ragowar ƙwayoyin ciwon. Ba ruwansa da ruwan zafi. Ba kowa ake yi wa ba, sakamakon ne zai nuna. Akwai sashensa a manyan asibitoci irin na Shika a Zariya, da na koyarwa na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, likitanki zai tura ki inda ya dace.

Abinci ba zan ja shi ba. Ƙwai da gyaɗa da kuɓewa ba sa sa ciwo ruwa, ƙwayoyin cuta ne ke sa shi. Jikin da aka yanka da nama yake gina nama. Ki ci ƙwai, wake, kifi, nama, awara, kindirmo, zogale, alayyahu, ki sha ruwa sosai. Kafin kowace kemo sai an auna jininki, in ya yi ƙasa a ɗaga ranar. To da me za ki tara jinin in farin koko kawai kike sha?

Hannu kuwa, ajiye shi shi ne cutarsa. Kafaɗar da aka bari mako uku, huɗu, shida ba motsi, sandarewa take yi, sai a shekara ana fama. In kuma aka ce za a yi miki gashin na'ura, dole ki kwanta hannu a sama da kai, in ba ya ɗaguwa sai an jira. Daga yau zuwa Talata ki yi masu sauƙi: ɗaga kafaɗu ki sauke, juya su baya, dunƙule hannu ki buɗe, lanƙwasa gwiwar hannu ki miƙe, ki ja dogon numfashi. Ki ci abinci da hannunki, ki ɗaura ɗankwalinki da kanki. Da likita ya duba kumburin ya ba ki izini, sai ki shiga hawan bango. Ki tsaya kina fuskantar bango, ki ɗora yatsun hannu biyu, ki bar su su hau a hankali kamar tafiyar gizo-gizo har inda kika ji wurin ya ja. Ki tsaya a nan ki ƙirga goma, ki sauko. Ki sa a ja miki layi da gawayi a inda kika kai. Wata da na yi jinya ta nuna min hoton bangon ɗakinta a waya, layukan gawayi a jere kamar tsani, na ƙasa daidai haɓarta, na sama ya wuce ƙusar da take rataye hijabi. Ta ce ranar da zuciya ta karye, bangon take kallo. Na biyu, ki kwanta rigingine, ki riƙe muciya da hannu biyu, ki ɗaga ta sama ki kai ta bayan kai gwargwadon iko, hannu mai lafiyar yana jan marar lafiyar. Kowanne sau biyar zuwa goma, sau uku a rana. Ki haɗa shi da salla don kada ki manta: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha. In ciwo na hana ki, ki sha farasitamol rabin awa kafin ki fara. Jin ja ba laifi, amma in kin ji suka mai tsanani ki tsaya. In kin ga wani abu kamar igiya ya miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu, kada ki tsorata, sananne ne, motsa hannun ne maganinsa. Ki nemi a haɗa ki da sashen fisiyo, masu motsa gaɓɓai, ko zuwa biyu ne su gyara miki yadda kike yi.

Motsa hannu daban, aikin ƙarfi daban. Har ki cika mako 6 babu ɗaukar bokiti, babu jan guga, babu daka ko surfe, babu tuƙa tuwon gida guda, babu matse wanki, babu goyo. Tsintar shinkafa, gyaran ganye, ninke kaya, zaga tsakar gida safe da yamma, duk ki yi. Bayan nan ki koma aikinki kaɗan-kaɗan, hannun na amfani ne.

Akwai abin da nake so ki riƙe har tsawon rayuwa. Kaluluwar da aka kwashe su ne magudanar wani farin ruwa da ke zagaya hannu. Da aka rage su, ruwan yana iya taruwa hannun ya kumbura. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata takan gamu da wannan, wata bayan watanni, wata bayan shekaru. Farkonsa ba ya zuwa da hayaniya: zobe ya matse, awarwaro ya ƙi wucewa, hannun riga ɗaya ya kama, ko ki ji hannun ya yi nauyi da yamma. In kin ga haka ki je da wuri, akwai safar hannu ta musamman mai matsewa da irin tausar da ake koyarwa, kuma sabon kumburi ya fi jin magani. Kada a yi masa ƙaho, kada a yi tsaga. Abin da ya fi tayar da shi rauni ne da ƙwayar cuta ta shiga, don haka ki lura da wuƙa, da fantsamar mai, da ƙaya, da cizon sauro. In kin yanke, ki wanke da sabulu ki rufe, in wurin ya yi ja yana yaɗuwa ki nemi likita ranar. Ki riƙa shafa mai kada fatar ta tsage, balle da hunturu. Farcenki ki yanka da kanki da abin yankanki. Gashin hammata kada ki bi shi da reza a makance a wurin da ba kya ji, ki rage da almakashi a gaban madubi. Jan lalle na ganye ba laifi in fatar lafiya take, amma baƙin nan mai haɗin dayis yana ƙona fata, ki bar shi. Awon jini da allura da ƙarin ruwa, in akwai zaɓi ki miƙa hannun dama, in babu kuma ba abin tayar da hankali ba ne.

Ƙaiƙayin nonon da babu shi, ba iska ba ce, ba taɓin hankali ba ne. Ƙwaƙwalwa ta yi shekaru tana karɓar saƙo daga wurin, jijiyoyin da aka yanke kuma suna ci gaba da aikawa. Waɗanda aka yanke wa ƙafa ma suna jin yatsunsu. Yakan ragu da lokaci. Haka jin kamar tafiyar kiyashi ko fizgar lantarki. In ya zama zugi mai hana barci ki faɗa, da maganinsa na jijiya daban. Wani ɓangaren fatar zai farfaɗo cikin watanni, wani zai iya zama haka.

Ibada kuma Allah bai ƙuntata miki ba. In ɗinkin ya rufe ya bushe, ruwa da sabulu marar ƙamshi ba sa cutar da shi, ki bar ruwan ya bi ta kai, ban da soso, ki tsane da tsabtataccen ƙyalle. Inda aka ce kada ruwa ya taɓa, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji da taimama. In sujada tana ja miki ƙirji, ki yi salla a zaune. In azumi ya riske ki a tsakiyar kemo, marar lafiya yana da rangwame a cikin Alƙur'ani, ki sha ki rama.

Yanzu madubi. Ba zan ce ki tashi yau ki tsaya a gabansa ba, amma kada ki wuce wannan makon. Abin da zuciya ke zanawa a cikin duhu kusan kullum ya fi na gaske muni. Bari in faɗa miki abin da za ki gani: wuri a shafe, layi ɗaya a kwance daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, fatar gefensa ta ɗan yi duhu, wataƙila da ɗan tudun nama a ƙarshensa. Ki fara da ɗora tafin hannu a kan riga. Washegari ki ɗora a kan fata. Sannan ki rufe ƙofa, ƙanwarki tana kusa, ki sunkuya ki duba. Na taɓa riƙe wa wata dattijuwa madubi bayan ta yi kwana goma sha biyu tana kau da kai. Ta daɗe tana kallo, hannunta yana rawa a cikin nawa, can ta ce, "Ashe layi ne kawai." Sai ta fashe da kuka, muka bar ta ta yi mai isarta. Da yamma ita ta goge wurin da kanta. Kuma akwai dalilin da ya wuce na zuciya: ke ce mai gadin wurin nan daga yanzu. Ke za ki fara ganin ja ko ruwa, ke za ki riƙa shafa tabon da ɗaya nonon da hammata biyu duk wata, ki ji ko wani ƙullutu ya fito. In tabon ya warke sarai, ki riƙa murza shi a hankali da man kaɗanya don kada ya manne.

Kin tambaye ni ko za ki sake zama mace. Ba zan ce miki ba komai ba ne. Da nonon nan kika shayar da 'ya'ya biyar, da shi kika yi budurci da amarci, rashinsa rashi ne, ki yi kukansa. Kuka ba ya warware tawakkali, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Amma mace ce ta rubuto min saƙon nan, mai kishi, mai kunya, mai son mijinta ya shigo ya zauna. Wuƙar likita ba ta kai nan ba. Ta fuskar sutura kuwa abin da sauƙi. A mako 6 zuwa 8 na farko ki sa abu mai taushi, auduga a cikin 'yar jakar yadi. Ki ba tela mace da kika yarda da ita rigar mama marar ƙarfe ta yi mata aljihu ta ciki. Bayan wurin ya warke akwai na roba mai taushi da ake sayarwa, mai nauyi kusan na gaske, yana kuma taimaka wa kafaɗa kada ta karkace. Akwai ma tiyatar sake gina nono, tana da tsada, kuma ko bayan shekaru ana iya yin ta, don haka ba maganar yau ba ce. Sai dai in baƙin cikin ya zarce mako biyu ba sassauci, ba barci, ba cin abinci, ko kika fara jin gara mutuwa, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi zazzaɓi. Shi ma ciwo ne mai magani.

Maigidanki. Kin lura da wanda ke zaune a ɗakin naki dare da rana? Gwaggo ce, surukarsa. Wane Bahaushe ne zai shigo ya zauna a bakin gadon matarsa surukarsa tana kan tabarma? Na fi zaton rabin tsayuwar bakin ƙofar nan kunya ce, sauran rabin kuma tsoro: kada ya fama miki, kada ya faɗi abin da zai sa ki kuka, kada ki ga fuskarsa ta canja. Ke kina fassara shirunsa da ƙyama, shi wataƙila yana fassara naki da "ba ta son a gan ta". Na ga mazan da suka juya baya, ba zan ce babu su ba. Amma mutumin da ya sayar da filinsa bai yi min kama da su ba, kada ki yanke masa hukunci kafin ki ji ta bakinsa. Bayan isha ki roƙi Gwaggo ta ɗan shiga wajen yara, ki aika a kira shi. Ki ce, "Malam, shigo ka zauna, ina kewarka." Ba sai kin nuna masa komai a daren ba. Ki ce kina so ya raka ki ranar Talata.

In kin ga dama ki miƙa masa wayar ya karanta wannan da kansa. Malam, Allah ya saka da alheri, ya mayar maka da abin da ka kashe. Ciwon nan ba a ɗaukarsa, ko ta kwano, ko ta shimfiɗa, ko ta numfashi. Ba za ka fama mata don ka riƙe hannunta ba. Abin da take nema a wurinka yanzu bai kai kuɗin fili ba: ka shiga, ka zauna, ka ci abinci a ɗakinta. Ranar da ta nuna maka wurin, fuskarka za ta kalla, ba bakinka ba.

Kwanciyar aure kuwa babu abin da ya hana da zarar ɗinki ya warke kuma kin ji kin shirya. In kin fi sakewa da 'yar riga a jiki da farko, ki sa. Abu ɗaya ne dole: kada ciki ya shiga a lokacin kemo ko Tamoxifen, suna cutar da ɗan tayi, kuma ɗaukewar al'ada a lokacin ba ta nufin ba za ki iya ɗauka ba. Ƙwayar tazara da allura da ashanar hannu duk suna da sinadarin da ba a so ga mai wannan ciwo. Ki tambaya a kan robar mahaifa marar sinadari ko kwaroron roba.

Abokiyar zamanki kin ce da bakinki ba ta yi miki komai ba. To ki bar ta a haka. Ki sakar mata girki har ki samu ƙarfi, ba a ƙwace miki komai ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sau da yawa na ga kishiya ce ke riƙe da roba lokacin amai. 'Yan'uwanki mata kuma ki faɗa musu gaskiyar abin da ya same ki, tunda ya zo miki kafin 40, su riƙa duba kansu, su je da wuri in sun ji wani abu.

Kuɗi. Ranar Talata ki nemi a rubuta miki kiyasin kuɗin kowane zagaye a takarda, don dangi sun fi motsawa in sun ga lamba. Ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi da ya fara aiki a 2021, ciwon nono yana cikin waɗanda yake ɗauka, asibitin Shika kuma yana cikin inda aka fara shi. Ki sa Malam ya bi a yi miki rajista tun yanzu, amma kada ku zauna jiransa, ku fara da abin da ya samu. Wanda jinya ta cinye wa dukiya ba abin kunya ba ne ya karɓi zakka. Ɗan abin da ya rage kuma kada a kai wa mai jarka da ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana arba'in. Addu'a da zamzam ki riƙe su da kyau, amma duk wani jiƙo ko gari da za ki haɗiya ki fara nuna wa likita, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da kemo take buƙatarsu.

Ki sa riga mai buɗewa ta gaba ranar, ki ɗauki katinki da duk takardun gwaji, da ɗan ƙaramin filo da za ki tokare tsakanin hannu da ƙirji saboda gargadar hanya. In kin karɓo sakamakon, ki sake rubuto min abin da aka ce game da kaluluwar da alamomin nan uku, mu zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki gaishe min da Gwaggo.